Ranar da Na Yi Hamdala a Gidan Rasuwa

Ba zan taɓa mantawa da wannan ranar ba, duk da cewa idan ana naɗa sarautar mantuwa a cikin birnin Kano ni za a ɗaura wa rawani. Na sha barin tukunya a wuta har ta ƙone. Na taɓa baro 'yata a gidan kitso, sai da na zo bakin ƙofar gida na ji hannuna ya yi sakayau (ba a jima ba na koma, don Allah kada maganar ta je kunnen dangin babanta). Amma abin da na yi a falon Hajiya Falmata da ke Zaitawa ya ƙi fita daga kaina. Kan da ba ya riƙe komai, sai ya tashi ya zaɓi abin kunya ya rungume.

Sana'ata rubuta manhaja. Idan tsofaffin unguwarmu ta Sheshe suka tambaya, sai in ce ni ce nake gaya wa kwamfuta abin da za ta yi, su kuma su ce, "Allah ya sa tana jin magana." Ofishinmu wani ɗan bene ne a Koki, saman wani kemis, mu biyar kacal. Mai kamfanin shi ne Malam Nura, muna ce masa Oga, mutum mai sanyin hali wanda ni kaɗai na san yadda ake ɓata masa rai. Sai Sadiq, wanda teburinsa yake jikin nawa, kuma shi ne Allah ya jarraba da ƙarasa duk aikin da na fara.

Ba wai ban iya aiki ba ne, kada ku yi min mummunar fahimta. Idan aiki ya burge ni, zan zauna tun hantsi har la'asar ko ruwa ban kurɓa ba, in fito da abin da zai ɗauki wani mako guda. Matsalar tana wajen aikin da bai burge ni ba. An taɓa cewa in canza launin wani ɗan maɓalli daga kore zuwa shuɗi. Da azahar ta yi na san tarihin rini a Kano tun daga kan ganyen baba har zuwa yadda ake buga shadda, na kuma kalli yadda ake kiwon zuma a bayan gida. Maɓalli kuwa yana nan kore shar.

Kullum da safe muna taron tsaye, kowa ya faɗi abin da ya gama jiya da abin da zai kama yau. Sadiq zai jero nasa tiryan-tiryan kamar mai karanta hadda. Idan aka zo kaina sai in ce, "Ina kai." Ina kan me? Ni ma wani lokacin sai na leƙa kwamfutar nake tunawa.

"Ke fa sai ki gina gida mai hawa uku ki manta ba ki sa ƙofa ba," in ji Sadiq wata rana, bayan ya kwashe yini yana toshe ramukan da na bari. Ba da wasa ya faɗa ba.

Oga kuma cewa ya yi, "Malama, ni ban taɓa shakkar ƙwaƙwalwarki ba. Inda take tafiya ne ban sani ba."

Dariya nake yi idan sun faɗa, amma a adaidaita sahu hanyar gida sai in yi ta zagin kaina. Tun ina firamare ake ce min mara natsuwa, mai rawar kai, wadda ba ta sa hankali. Na yarda da su ɗari bisa ɗari. Kullum sai na yi alƙawarin gobe zan natsu, gobe kuma ta zo ta same ni yadda jiya ta bar ni.

To, babbar mai ba mu aiki ita ce Hajiya Falmata. Asalinsu Barno ne, amma kakanninta ma a Zaitawa aka haife su. Tana da ƙaton shagon ɗinki mai teloli da yawa, mu kuma muka yi mata manhajar da take adana awon kowane mai kawo ɗinki, ta nuna telan da aka ba aikin, in an gama ta tura wa mutum saƙo ya zo ya karɓa. Shugaban telolin yayanta ne, Malam Mu'azu, wani dattijo mai fara'a da na gani sau ɗaya ranar da muka je ɗora musu manhajar. Ni ce ma na shigar da sunayen telolin a gurguje, ina sauri in tafi.

Ana saura 'yan makonni salla, lokacin da tela ba ya sanin dare ba ya sanin rana, sai manhaja ta fara haɗiye mutane. A auna mace, a shigar da awonta, a danna, manhaja ta ce ta adana. Gobe a duba, babu ita babu alamarta. Kuma ba kowa take yi wa haka ba, zaɓa take yi. An yanka wa wata amarya leshi da ƙiyasi saboda awonta ya ɓace, riga ta fito kamar ta aro. Hajiya ta kira Oga, muna jiyo muryarta daga inda muke zaune ba tare da ya sa a lasifika ba.

Da ya ajiye wayar sai ya juyo gare ni. "Ke kika rubuta wannan ɓangaren, ke za ki gyara shi. Kuma ki ji da kyau: idan Hajiya ta bar mu, ban san da me zan riƙe ku ba."

A sana'armu irin wannan matsalar ƙwaro muke ce mata, kuma wannan ƙwaron ya shiga raina sosai. Na bi shi ta ko'ina. Sunayen waɗanda suka ɓace har na haddace su: Asma'u, Sa'adatu, Rabi'atu, wani Rufa'i. Me ya haɗa su? Ba unguwarsu ɗaya ba, ba tela ɗaya ba, ba rana ɗaya suka zo ba. Ina wanke-wanke ina jero su, ina ba 'yata abinci ina jero su. Kwanaki suka yi ta wucewa, duniya tana ta harkokinta, ni ban san me ake ciki ba.

Wata ranar Litinin Oga ya tsaya a tsakiyar ofis ya yi wata magana mai ɗan tsawo da murya ƙasa-ƙasa. Abin sauraro yana toshe a kunnena, na zare ɗaya daidai lokacin da yake cewa, "...don haka gobe da hantsi mu haɗu a gidan Hajiya." Na gyaɗa kai da ƙarfi irin na wadda ta ji komai (wannan gyaɗa kan na ƙware a kansa, shi ya fitar da ni daga jami'a). A raina na ce shi ke nan, ta kira mu gida ne don ta kore mu cikin mutunci.

Washegari na makara, kamar yadda aka saba. Na zabga wata atamfa mai ruwan lemo da jan mayafi, wai don in je da ƙarfin gwiwa, na rataya jakar laftof. Mai adaidaita ya sauke ni a bakin lungu don ba zai shiga ba, na ƙarasa da ƙafa ina haki.

Da na yi sallama na shiga falon, sai na ga abin ya fi yadda na zata. Oga da Sadiq suna zaune a ƙasa kusa da ƙofa, kowa ya sunkuyar da kai. Hajiya tana kan darduma cikin baƙin hijabi da carbi a hannu. A gefenta wata budurwa ce idanunta sun kumbura, sai wata tsohuwa da ta jingina da bango. Babu mai motsi sai hayaƙin turaren wuta. Na ji Oga yana cewa, "Sai haƙuri, Hajiya. Sai haƙuri."

Mai hankali da ya ga wannan ya san inda ya shigo. Ni kuwa cewa na yi a raina: kai, ashe ɓacin ran ya kai har ana kuka. Na durƙusa na gaishe ta, sannan don in taya Oga ba da haƙuri na ƙara da cewa, "Ki yi haƙuri Hajiya, in sha Allahu ba za a sake ba."

Ta ɗago ta dube ni. Oga ya yi wani tari da ba na mura ba. Na samu gefe na zauna, na ajiye jakata a bayan kujera.

Hajiya ta ci gaba da maganar da na katse, a hankali, muryarta a dashe. Na rantse na yi niyyar saurara. Na ji ta ce wani abu game da asibiti, na fara tunanin ko wata ma'aikaciyar asibiti ce awonta ya ɓace. Daga nan idona ya sauka kan zanen kafet, wasu 'yan ƙananan lanƙwasa-lanƙwasa a jere, sai sunayen nan suka dawo suna zagaya kaina. Asma'u. Sa'adatu. Rabi'atu. Rufa'i. Jikina yana falon, ni kuwa na yi nisa.

Can sai wata kalma guda ta faɗo kunnena daga bakin Hajiya: "...Mu'azu."

Wallahi kamar an kunna fitila a ɗaki mai duhu. Na tuna ranar da nake shigar da sunayen teloli. Na rubuta sunansa daidai, ya ƙi zama. Don sauri na sake rubuta shi ba tare da 'yar alamar nan ta sama da take tsakanin "u" da "a" ba, ya shige, na wuce ban ko tsaya tunani ba. Ita ce! Duk sunan da yake da wannan 'yar alamar a tsakiya, manhajar tana zaton a nan maganar ta ƙare, sai ta rikice ta watsar da sauran. Makonni ina nema, ashe abin yana gaban idona.

Ban san lokacin da na daki cinyata na miƙe a kan gwiwoyina ba.

"Mu'azu!" na faɗa da ƙarfi, bakina har kunne. "Wallahi dama shi ne matsalar! Alhamdulillahi, yau dai mun huta!"

Da a nan na tsaya, da wataƙila an ce aljanu ne. Amma ni idan na ɗauko magana ba ta da birki. Na juya wajen Oga ina murna: "Kuma duk irinsa ne, Oga! Da Asma'u da Sa'adatu, su ma yau ɗin nan zan yi maganinsu!"

Carbin Hajiya ya tsaya. Budurwar nan ta zuba min ido ta ce, "Ni kuma me na yi miki?" Sai ta fashe da kuka ta tashi ta shige ɗaki.

Sadiq ya matso, bai ko kalle ni ba, ya yi magana ta gefen baki: "Rasuwa ya yi. Ta'aziyya muka zo. Waccan 'yarsa ce, Asma'u."

Na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ni ban ma samu wannan tunanin ba. Sai kuma na yi abin da ya fi komai muni, wato na fara bayani.

"A'a Hajiya, ba shi nake nufi ba, sunansa ne. Sunan ne yake da matsala, wato abin da yake tsakiyarsa..."

"Sunan nasa kuma me ya tare miki?" in ji tsohuwar da take jikin bango. "Sunan sahabi ne guda. Yarinya, lafiyarki ƙalau kuwa?"

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi Oga ta ce, "Malam Nura, mun gode. Allah ya ba da lada. Ku tashi ku je."

A cikin lungu na jira Oga ya balbale ni da faɗa, da ma ya yi hakan da na fi jin daɗi. Sai kawai ya ce, "Jiya a gabanki na faɗa. Kika gyaɗa min kai." Ya gyara hularsa. "Ki tafi gida. Kada ki zo ofis sai na neme ki."

Ban nufi gidana ba, gidanmu na wuce wajen Umma. A cikin birni kuwa labari ba ya jiran adaidaita. Na tarar da ita a tsakar gida da waya a hannu, tana cewa, "To, to, ga ta nan ma ta shigo."

"Ba ni da bakina na gaya miki an yi rashi a Zaitawa ba?" ta ce. "A waya, shekaran jiya. Kika ce min, 'Allah sarki, Umma.' Ashe da bango nake magana."

Na zauna a bakin rijiya na yi kuka mai isata. Kuma tunda gaskiya nake faɗa, bari in faɗe ta duka: ina kukan, wani ɓangare na kaina yana ta ƙaiƙayi in buɗe laftof in gwada ko hasashena daidai ne. Na miƙa hannu zan jawo jakar. Babu jaka. Tana can bayan kujera a falon Hajiya Falmata.

Umma ta dube ni, sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafinta. "Tashi. Dama ko ba jaka sai kin koma. Kuma ki cire min wannan jan mayafin, kamar mai zuwa kamu."

Bayan la'asar muka isa. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa, Umma ta yi ta'aziyya yadda ake yi, aka yi addu'a aka shafa. Sannan ta ce, "Hajiya, wannan 'yar tawa ce, na kawo miki ita. Ba mugunta gare ta ba, Allah ya sani. Tun tana ƙarama in na aike ta sayen gishiri, labari take dawo min da shi."

Hajiya ta ce in matso. "Faɗa min abin da kike nufi ɗazu. A hankali, kada ki yi min gudu."

Na ciro wayata na rubuta sunan marigayin, na nuna mata 'yar alamar da ɗan yatsa, na yi mata bayani da ƙaramar murya. Ta karɓi wayar ta nisanta ta da idonta tana dubawa.

"Wato duk wannan tashin hankalin, har da rigar amarya, a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba."

"Eh, Hajiya."

Da ta sake magana ba ni take kallo ba. "Da yana nan da ya fi kowa dariya. Shi ma haka yake. Sai ya tayar da shago yana neman tef ɗin awo, alhali yana rataye a wuyansa. Ya ɗinka babbar riga da duk Kano babu mai yin irinta, ya manta bai sa aljihu ba. Babanmu ya yi faɗan har ya gaji, ni na karɓa na ɗora. Ranar da zai kwanta ciwon nan ma sai da na yi masa faɗa." Ta goge ido da gefen hijabi. "Yanzu ga shi ina neman wanda zan yi wa faɗan, babu."

Daga baya ta juyo gare ni ta ce, "Ni na yafe. Ɗauki jakarki ki je ki gyara min abina kafin salla. Amma Asma'u ke za ki nemi yafiyarta da kanki."

Na nema. Ta tsaya a ƙofar ɗaki ta saurare ni har na gama, ta ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya," ta saki labule. Har yau idan muka haɗu a biki gaisuwa ce kawai, kuma ban ga laifinta ba.

Gyaran da ya hana ni sukuni makonni, kafin ruwan shayi ya tafasa na gama shi. Na tura wa Oga, ya amsa da kalma ɗaya: "Na gani." Bai ce in dawo ba.

Wanda ya kira ni bayan kwana biyu shi ne wanda ban zata ba, Sadiq. Ya ce, "Zan gaya miki gaskiya. Shekara da shekaru ina zaton raini ne, kin mayar da ni mai share miki hanya. Amma ranar nan na kalli fuskarki kafin ki yi maganar. Wallahi ba kya cikin ɗakin." Ya ce akwai wani abokin karatunsa mai irin halina da ya ga likita ya samu sauƙi, ko zan gwada.

"Likitan ƙwaƙwalwa?" na ce. "So kake a ce na haukace?"

"Malama, bayan abin da ya faru a Zaitawa, me kike tsammanin ana cewa yanzu?"

Na je. Likitar mace ce, ta yi min tambayoyi tun daga yarinta, ta sa na koma ba sau ɗaya ba, har ta nemi Umma ta ji ta bakinta. Ana tsakiyar wata tambayar ma ta kama ni ina karanta kalandar da take bayanta, ta yi murmushi ta rubuta wani abu. A ƙarshe ta ce abin yana da suna, ADHD, lalura ce ta wahalar tattara hankali wuri guda, kuma ba yara kaɗai take kamawa ba, da yawa da ita suke girma ba su sani ba. Ta ce ba lalaci ba ne, ba kuma rashin tarbiyya ba. A hanyar gida na yi ta hawaye a adaidaita har mai tuƙin ya tambaya ko rasuwa aka yi min. Na ce a'a, sauƙi ne ya zo.

Umma da ta ji cewa ta yi, "Au, dama lalura ce? Duk ranƙwashin da kika sha?" Na ce likita ta ce ana gadonta ma. Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Wajen babanki ne."

Oga ya neme ni bayan salla, don Hajiya ba ta tafi ba. Yanzu ina shan magani, ina kuma komawa wajen likita. Aiki ɗaya ake ba ni a lokaci guda, a rubuce, in gama a ba ni wani. Idan aka yi magana a taro, Oga yakan ce in maimaita abin da na ji, kuma na daina jin haushin hakan. Ban zama wata sabuwar mutum ba, har yanzu Sadiq yana samun ramukan toshewa, sai dai sun ragu, kuma yanzu nakan ce masa na gode. Zuwa wajen masu ba mu aiki kuwa an sauke min wannan nauyin, ba tare da na roƙa ba. A lungunmu akwai matan da har gobe "Mai Hamdala" suke ce min, ina amsawa.

Abin da na koya shi ne, godiya ga Allah wajibi ce a kowane hali, amma ba kowacce ake ɗaga murya a yi ba. Yanzu duk ɗakin da na shiga na tarar an yi jugum an sunkuyar da kai, sai in nemi gefe in zauna, in tattara fuskata, in raɗa wa na kusa da ni, "Wa muka rasa?" Galibi sai a dube ni da mamaki a ce, "Babu kowa. Waya muke dannawa."